Ɗaya Daga Cikin Goma

Duk wanda kaka ta riske shi a ƙauyukan Kirista na kudancin Kaduna ko na kan tsaunukan Filato zai tarar da wata Lahadi wadda ta fita dabam, ranar godiyar kaka, inda gaban majami'a kan cika da dammunan dawa da buhunan masara da doya, ga kaji a ɗaure, ga akuya tana kuka a bakin ƙofa. A wurin masu shi wannan kaya iri biyu ne: akwai zakka, watau kashi ɗaya cikin goma na abin da mutum ya samu, akwai kuma baiko, wanda ba shi da haddi sai abin da zuciya ta yarda. Musulmi mai karatu ba zai ji baƙon abu ba, tun da ushirin da fikihu ya ɗora a kan amfanin gonar da ruwan sama ya shayar shi ma ɗaya ne cikin goma.

Asalin al'amarin yana cikin Attaura, inda aka ba da labarin Ibrahim ya fitar da ushirin ganimar yaƙi ya miƙa wa Malkisadik sarkin Salem, kafin shari'ar Musa ta zo ta mai da shi wajibi a kan Bani Isra'ila, domin kabilar Lawi, wadda aka keɓe wa hidimar ɗakin ibada, ba a ba ta gādon ƙasa ba, sai ta ci daga abin da 'yan'uwanta suka noma. Hukuncin dabbobi kuwa yana da wata hikima da ta cancanci a tsaya a kanta: makiyayi zai riƙe sandarsa yana ƙirga garke suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, wadda duk ta zo ta goma ita ce ta Ubangiji, ko ƙosasshiya ce ko ramammiya, ba a yarda ya duba ba, ba a kuma yarda ya musanya ba, don kada son zuciya ya sami ƙofar shiga. Ban da wannan, kowace shekara ta uku akan tara ushirin a cikin gari saboda Balawe da baƙo da maraya da gwauruwa, wanda shi ne hukuncin da masu wa'azin zakka suka fi saurin mantawa da shi a yau.

Da aka zo kan Linjila sai magana ta koma kan niyya. Yesu Almasihu ya zargi Farisiyawa da cewa suna fitar da ushirin na'ana'a da sauran ƙananan kayan ƙamshin miya, alhali sun yi watsi da adalci da jinƙai da amana. Ya kuma zauna daura da akwatin baitulmalin Haikali yana duban mawadata suna zuba kuɗi masu yawa, amma wadda ya yaba ita ce wata matalauciyar gwauruwa da ta jefa anini biyu, iyakar abin da ta mallaka. Manzo Bulus kuma, sa'ad da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yanka wa kowa kashi ba, sai dai ya umarci mutanen Koranti kowa ya riƙa keɓe wani abu ranar farko ta mako gwargwadon samunsa, da yardar rai. Daga nan ne saɓanin malaman Kirista ya samo tushe, waɗansu suna ganin ushiri farilla ce har gobe, waɗansu kuwa suna cewa ma'auni ne na tarbiyya wanda mai bi zai fara da shi ya wuce.

Tarihin Turai, a ganina, ya riga ya nuna inda tilas take kai mutane. Taron limamai da aka yi a garin Makon na ƙasar Faransa a 585 ya yanke cewa wanda ya ƙi biyan ushiri a fitar da shi daga jama'ar ikilisiya, sarki Sharlaman kuma ya mai da shi dokar ƙasa a 779, har aka wayi gari ana gina manyan rumbuna don tara hatsin talakawa, ibada ta rikiɗe ta zama haraji. Faransawa suka soke shi a juyin juya halin 1789. A Ailan kuwa, inda ake tilasta wa manoma 'yan Katolika su ciyar da cocin da ba nasu ba, sai da aka zubar da jini a shekarun 1830.

Inda al'adar ta yi albarka shi ne inda ba dogari a bayanta. John Wesley, wanda ya kafa ɗariƙar Metodis a Ingila, ana ba da labarinsa cewa lokacin da samunsa yake fam 30 a shekara ya rayu da 28 ya bayar da 2, da samun ya kai 60, daga baya 120, bai ƙara wa kansa ko sisi ba, duk rarar ta tafi ga mabukata. Wannan kuwa zuhudu ne wanda ya bar lissafin ushiri can baya. A jihar Mizoram ta Indiya kuma, tun wajen 1910, matan ikilisiya suka ɗauki ɗabi'ar cewa duk sa'ad da mace ta auno shinkafar tuwo, kafin ta zuba a tukunya sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta ajiye a wani mazubi dabam, a tara a kai coci a sayar, da kuɗin a riƙe masu bishara da gajiyayyu. Matar nan ba ta jin an rage mata abinci, amma kullum hannunta yana koyon saki, abin da kuwa ake nufi ke nan idan aka kira bayarwa ibada.

Saboda haka raina kan ɓaci idan na ji mai wa'azi yana tsorata talaka da la'ana, ko yana yi masa alkawarin ninkin dukiya kamar dai an shiga cinikayya da Mahalicci, domin wanda ya bayar don a mayar masa goma bai rabu da kwaɗayi ba, wuri kawai ya sauya masa. Haka kuma hakki ne a kan dattawan ikilisiya su karanta wa jama'a abin da ya shigo da inda ya tafi, da rabon da ya isa ga marayu da 'yan gudun hijira. Bulus da kansa, duk da matsayinsa, bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi amintattunsu suka raka kuɗin, don kada kowa ya sami abin zargi.