Daga tukunyar gas zuwa kurfoti: yadda tsada ke sauya murhu da fitila a Bulumkutu

Da la'asar sakaliya, idan zafin Maiduguri ya fara sassautawa, hayaƙi kan tashi daga tsakar gidajen Bulumkutu, unguwar da ke yammacin birnin, kusa da filin jirgin sama. A bakin titi masu gawayi na ƙulla shi a leda, ƙulli-ƙulli, daidai kuɗin mai saye. A gidaje da dama tukunyar gas na nan a kusurwar madafi, ba a kunna ta sai da asuba domin shayin 'yan makaranta, ko kuwa idan baƙo ya yi sallama da dare. A kan wasu rufin kwanon kuma, faifan sola ne ke ƙyalli.

Tun da farashin iskar gas da na lantarki da na fetur suka tashi a jere daga shekarar 2023, kowane gida ya sake lissafi. Sai dai ba hanya ɗaya aka bi ba: mai hali ya koma sola, marar hali ya koma gawayi da itace.

Kamfani ɗaya, babu na biyu

A Birtaniya, idan kuɗin wuta ko na gas ya yi wa magidanci nauyi, yakan duba farashin wasu kamfanoni ya sauya mai sayar masa, ba tare da an taɓa waya ko bututu ba. Hukumar Ofgem ce ke sa ido, kuma tun daga 2019 take ƙayyade iyakar farashi. Tsarin ba ya rasa illa, domin kamfanoni kusan 30 sun durƙushe a can tsakanin 2021 da 2022 sakamakon tsadar gas. Duk da haka, mai saye na da inda zai juya.

Mutumin Bulumkutu ba shi da wannan dama. Da aka sayar da kadarorin lantarki a 2013, an raba ƙasar ga kamfanonin rarraba wuta 11, kowanne da yankinsa. Borno, tare da Adamawa da Taraba da Yobe, ta faɗa hannun kamfanin rarraba wuta na Yola. A 2015 masu jarin farko suka mayar wa gwamnati da shi saboda rikicin Boko Haram, daga baya aka sake sayar da shi. Ƙa'idar da hukumar kula da lantarki ta ƙasa, wato NERC, ta fitar a 2017 ta bai wa manyan masu amfani da wuta, irin su masana'antu, damar saye kai tsaye daga tashoshin samar da ita. Gida mai ɗaki uku da fanka biyu bai shiga wannan sahu ba.

A ranar 3 ga Afrilun 2024 NERC ta ɗaga farashin rukunin A, wato layukan da aka yi wa alƙawarin wuta ta aƙalla awa 20 a rana, daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit. Bayan ragi da ƙari, farashin ya koma naira 209.50 a watan Yulin shekarar. Gidan da ke shan yunit 200 a wata, wanda a da yake biyan naira 13,600, ya koma biyan 41,900. Idan aka tuna cewa mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a wannan watan naira 70,000 ne, za a gane nauyin. Waɗanda ke sauran rukunan ba a taɓa farashinsu a lokacin ba, amma kukansu daban ne: ƙarancin awanni, da bil ɗin ƙiyasi ga wanda ba shi da mita.

Darasin shekarar duhu

Maiduguri ta riga sauran birane sanin rayuwa ba wutar gwamnati. A Janairun 2021 'yan ta da ƙayar baya suka tarwatsa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu. An gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake kai hari. Birnin ya shafe mafi yawan wannan shekara a cikin duhu, har da watannin da zafi ke haura digiri 40. Masu walda da teloli da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara duk suka rataya a wuyan janareta.

Wannan ne ya sa kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya gina tashar gaggawa mai ƙarfin megawat 50 da ke aiki da iskar gas, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2023. Babu bututun gas da ya isa Borno, saboda haka a manyan motoci ake ɗauko makamashin tashar daga kudu.

Ba a cika wata uku da buɗe ta ba, a ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 nan take, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024. Ƙaramin janaretan da ya rufa wa gidaje asiri a shekarar duhu ya zama kayan ajiya.

Nan sola ta samu shiga. Hasken rana dai Borno ba ta rasa shi ba. Abin da ke wuya shi ne kuɗin farko. Faifai da batir da inbata da za su ɗauki firji da fankoki kan kai naira miliyan ɗaya ko fiye, alhali albashin shekara guda na mai karɓar mafi ƙaranci naira 840,000 ne. Don haka sola ma hawa-hawa ce. Babban ma'aikaci da ɗan kasuwa kan haɗa cikakkiya. Matsakaicin gida kan sayi faifai ɗaya da fanka mai caji da ƙwai biyu. Na ƙasa kuwa yakan kai wayarsa shagon caji, ya kwana a tsakar gida.

Lissafin madafi

Sauyin da ya fi zurfi a murhu yake. A 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana shekaru goma na bunƙasa iskar gas, aka yi ta kiran iyalai su bar itace. Da yawa sun amsa, suka sayi tukunya da risho. Amma tukunya mai kilo 12.5, wadda ake cikawa a ƙasa da naira 5,000 a 2020, ta haura 15,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Farashin gas na bin kasuwar duniya da dala, naira kuma ta faɗi warwas bayan sakin ta a Yunin 2023. Ga kuɗin dakon mota daga gaɓar teku zuwa birnin da ke can kusurwar arewa maso gabas. A ƙarshen 2024 gwamnati ta cire wa gas ɗin girki harajin kayan masarufi, ta kuma umarci a daina fitar da na gida zuwa waje, amma farashi bai koma gidan jiya ba.

Ba lallai ne gawayi ya fi gas araha ba idan aka haɗa na wata guda. Fifikonsa shi ne ana sayen sa daidai da abin da ke aljihu a ranar. Uwargidan da ake bai wa kuɗin cefane kullum da safe ba ta da dubban da za ta cika tukunya lokaci ɗaya, amma tana da na ƙullin gawayi. Wake da tuwo da ganda, masu daɗewa a wuta, sun koma kan kurfoti da murhun itace.

Kuɗin da ba ya cikin bil

An gudu ba a tsira ba. Kowane buhun gawayi bishiya ce da ta faɗi, a jihar da ke cikin jihohi 11 na gaba-gaba wajen fama da kwararowar hamada. Dazukan da ake saro itacen ba su da tabbas: sau da dama 'yan bindiga sun halaka ko sun sace masu saran itace da masu ƙona gawayi a kewayen Maiduguri, akasarinsu 'yan gudun hijirar da ba su da wata sana'a. A cikin gida kuma, mata da ƙananan yaran da ke goye ne ke shaƙar hayaƙin. Kunna gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu na iya kisa cikin barci.

Shi ma kamfanin wuta yana da asararsa. Gidajen da suka fi iya biyan bil su ne ke fara komawa sola. Idan kuɗin shiga ya ragu, gyaran taransifoma da layi kan yi jinkiri, waɗanda suka rage a kan layin su ƙara shan duhu.

Abin da ke hannun Abuja

Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, kuma Enugu da Ekiti da Ondo sun karɓi ragamar a 2024. Wannan ce ƙofar da za ta iya shigo da ƙananan kamfanonin sola masu ba unguwa guda wuta, har magidanci ya samu zaɓi na biyu. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 a Disambar 2023 domin irin wannan aiki, ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara. Unguwannin gefen birni irin su Bulumkutu, masu turaku da waya amma ba isasshiyar wuta, sun cancanci a sa su cikin lissafin.

Sauran matakan ba su buƙatar sabuwar doka: mita ga kowane gida, bashin sola da ma'aikaci zai biya kaɗan-kaɗan daga albashi, rumbunan ajiyar gas kusa da arewa maso gabas, da murhu mai tsimin gawayi irin wanda hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta raba wa iyalai a Borno. Mai ƙorafin bil kuma yana da haƙƙin kai kuka ga kamfani a rubuce, idan bai gamsu ba ya ɗaukaka zuwa zauren sauraron ƙorafi na NERC.

A ofisoshin Abuja ana auna nasarar gyaran farashi da tallafin da aka daina biya. A Bulumkutu ana auna ta ne da magariba, lokacin da uwargida za ta dubi tukunyar gas, ta dubi kuɗin da ke ƙulle a bakin zaninta, ta aiki yaro wurin mai gawayi.