Wane ne ke ba injinan masana'anta umarni?

A gidajen unguwar Ƙofar 'Yandaka ta Katsina masu rijiyar burtsatse, akan ga wata 'yar na'ura tana yawo a kan ruwan tanki. Tanki ya cika, ta kashe famfo. Ruwa ya ja baya, ta kunna shi. Tushen aikin injiniyan sarrafa injuna ke nan: a auna, a gwada da abin da ake so, a gyara, ba tare da mutum ya sa hannu ba.

A masana'anta lamarin ya fi haka nauyi. Ɗauki kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, wanda aka buɗe a 1982 zamanin Shugaba Shehu Shagari, kamfanin Dana ya saye shi a 2006. Kafin sandar ƙarfe ta zama rodi, sai an gasa ta da zafin da ya haura digiri 1,000, sannan ta bi ta cikin jerin injinan matsewa. Tana sirancewa tana ƙara tsawo, don haka dole kowane inji ya fi wanda ya gabace shi gudu. Idan lissafin ya kuskure kaɗan, ƙarfen mai zafi ya tsinke ko ya nannaɗe, ran ma'aikaci kuma yana cikin haɗari.

A masana'antun zamani, wata ƙaramar kwamfuta mai jure ƙura da zafi, PLC, ita ke wannan lissafi. An ƙera ta a Amurka bayan kamfanin motoci na General Motors ya nemi irinta a 1968. Injiniya shi ke rubuta mata dokoki, ya kuma gano matsala in layi ya tsaya.

Matashin da ke son wannan aiki, in ya iya wayarin, rabin hanya ya ci. Saura ya koyi rubuta wa PLC umarni.