Ɓarawon Mangwaro da Amanar Lambu

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa bayan sallar La'asar, lokacin da rana ta yi sanyi aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, ya san babu hirar da ke saurin kwance fuskar mai furfura kamar a tuna masa ɓarnar da ya yi yana yaro. Sai ka ga liman da ladani da tsohon alƙali, mutanen da yara ke tsugunawa in sun hango su tafe, sun ajiye girma a gefe suna dariya har da share hawaye, wannan yana tona asirin wancan, wancan yana rantsuwa ba shi ya fara haura katangar ba. Abin mamaki kuwa, da zarar an rufe wannan babi, su ne za su gyara zama su ce 'ya'yan yanzu sun lalace, alhali in da za a ɗora abin da suka aikata da abin da jikokinsu ke aikatawa a kan sikeli, ban san ɓangaren da zai rinjaya ba. Wannan ya sa na daɗe ina neman sanin abin da ya mai da waɗancan hatsabiban yara mutanen da yau ake kai wa ƙara a nemi sulhu.

Bari in fara da kaina, domin wanda zai yi magana a kan ƙuruciyar wasu ya wajaba ya fara gabatar da tasa. Wajen shekarar 1976, wadda aka buɗe karatun firamare kyauta ga kowa a Nijeriya, mu bakwai ne ko takwas a unguwarmu da ba ma rabuwa, kuma da wuya a ambaci wata ƙiriniya da ba mu taɓa ba. Mun yi wanka a kududdufin da aka hana mu, muka dawo gida ido jajur muna musu, ba mu san iyaye mata suna da gwajinsu ba, watau su karce maka dantse da farce, in wurin ya yi fari to ka kama kanka. Mun cuɗanya takalman masallata a ƙofar masallaci muka laɓe muna kallon yadda ake neman ƙafar hagu. Wani dare kuma, kowa ya kewaye wutar kara da allonsa ana karatu, ɗaya daga cikinmu, wanda a yau shi ke hawa mumbari a wani masallacin Juma'a, ya watsa garin barkono a cikin wutar, makaranta ta watse da tari da atishawa, ba a bar malam da gardawansa a baya ba.

Amma wadda ta zauna mini a zuciya har yau ita ce ta lambu. Akwai wani tsoho, Allah Ya jiƙansa, da yake da lambu a bakin fadama, yana ban ruwa da jigo, a tsakiyar lambun kuma akwai itatuwan mangwaro guda uku waɗanda muka ɗauke su kamar gadonmu. Wata ranar Alhamis, da yake babu makarantar allo, na hau can ƙololuwa ina jefo wa abokaina ɗanyu, sai na ji shiru ya yi yawa. Da na duba ƙasa, babu ko ɗaya daga cikinsu, sai tsohon nan a tsaye ya dogara da fartanyarsa. Na riga na sallama cewa yau tsumagiya za ta yi aikinta, sai na ji ya ce, "Yaro, sauko a hankali kada ka karye, mangwaro ba ya gudu." Da na sauko ina rawar jiki, bai ko tambaye ni ɗan gidan wa ba ne, domin ya san ubana ya san kakana, ya dube ni ya ce, "Daga gobe, in an tashi daga karatu, kai ne mai gadin lambun nan. Abin da ya faɗo ƙasa naka ne, abin da ke sama kuwa amana ce a hannunka." Da magariba ya je wurin mahaifina ya ce yana neman aron yaro ya riƙa kore masa awaki, bai ambaci sata ko da kalma ɗaya ba.

Wahalar ba ta bayyana ba sai kashegari, da abokaina suka dawo da duwatsu a aljihu, suka tarar da ni a bakin shinge. A ranar na fara sanin nauyin a ce abu yana hannunka, na hana su jifa, suka kira ni bawan tsoho, muka yi kokawa da biyu, daga bisani muka sasanta a kan in riƙa raba musu abin da iska ta kaɗo. Na yi wannan gadi shekara biyu ba a taɓa ƙirga mini 'ya'yan itace ba, kuma rashin ƙirgawar nan ita ta ɗaure ni fiye da igiya. Sai bayan na yi aure na haifu mahaifina ya gaya mini, yana murmushi, cewa tun daren farko ya san abin da ya faru.

Da na girma na zauna gaban malamai, sai na tarar tsohon nan, wanda ban san iyakar karatunsa ba, a kan sunna ya taka. Ya zo a cikin littattafan hadisi cewa wani sahabi, Rafi'u ɗan Amru Bagifare, yana yaro ya kasance yana jifan dabinon mutanen Madina, aka kama shi aka kai shi gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Sai ya tambaye shi dalili, yaron ya ce ci yake yi, ya hana shi jifa, ya halatta masa abin da ya faɗo, sa'an nan ya shafa kansa ya yi masa addu'a. Anas ɗan Malik kuma, wanda ya yi wa Manzon Allah hidima shekara goma, ya ba da labarin ranar da aka aike shi ya tsaya wurin yara masu wasa a hanya, aka zo aka same shi a can, da murmushi aka tuna masa aiken. Shari'a da kanta ta ɗauke alƙalami daga kan yaro har ya balaga, kuma a mashahurin zance na mazhabar Malikiyya, in alamomin balaga ba su bayyana ba, sai ya cika shekara 18 ake lissafa shi mukallafi. Abin da Mahalicci bai rubuta wa yaro zunubi a kansa ba, ai bai dace uba ya rubuta masa shi a goshi har abada ba.

Magabatanmu masu tarbiyya sun yi dogon nazari a kan wannan mas'ala, kuma abin takaici ne yadda muka riƙe bulalarsu muka saki sharuɗɗanta. Muhammadu ɗan Sahnunu na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekarar 870, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban malaman yara, inda ya ƙayyade cewa malami ba zai wuce bulala uku a kan karatu ba sai da izinin uba, kuma ko a wajen horo kada ya haura goma. Imamu Gazali ya yi wasiyya cewa in yaro ya yi kuskure karo na farko, musamman in yana ƙoƙarin ɓoyewa, a kau da kai kada a tona shi, domin tonon yana cire masa kunya ya sa ya daina damuwa da a gan shi. In ya maimaita a yi masa faɗa a asirce, kuma a bar shi ya yi wasa bayan karatu don kada zuciyarsa ta mutu. Ibnu Haldun kuwa, a cikin Muƙaddimarsa ta shekarar 1377, ya keɓe fasali guda ya nuna cewa tsanantawa tana koya wa yaro ƙarya da makirci da kasala, saboda wanda ya tashi cikin tsoron hannu yakan koyi nuna abin da ba shi ne a ransa ba. Duk wanda ya taɓa ganin yaron da ke ladabi kamar waliyyi a gaban ubansa, ya zama ƙadangaren bakin tulu a bayan idonsa, ya san malamin nan bai yi ƙari ba.

A ƙasar Hausa ta da, aikin tarbiyya bai taɓa zama a wuyan uwa da uba kaɗai ba. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, sau da yawa ma a hannun kaka ake yaye shi, ita kuwa kaka abokiyar wasa ce, a wurinta yaro ke faɗin abin da ba zai iya faɗa wa ubansa ba. Akwai riƙo, inda gwaggo ko kawu ko baffa ke ɗaukar yaro ya tashi a gabansa. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi ta rene su kamar ita ta haife su. A waje kuma ɗa na kowa ne: mai shago da mahauci da tsohuwa mai ƙosai duk suna da ikon tsawatawa, kuma yaron da ya kai ƙara gida yakan samu ƙari. Har ƙiriniyar ma an yanka mata filinta, ga dandali da langa a farin wata, ga tashe daga goma ga watan azumi, inda yaro ke manna gemun auduga ya kwaikwayi dattijo a gaban dattijon, a yi dariya a ba shi sadaka. Kuma tun yana ɗan shekara shida ko bakwai an ɗora masa wani abu da za a tambaye shi a kansa, ko akuya ce, ko kai abinci gona, ko jiran rumfa har maigida ya dawo daga masallaci.

Ba na cikin masu cewa komai na da zinariya ne. An yi zalunci a wancan zamani, an yi dukan da ya bar tabo, an yi 'yan riƙon da suka tashi a matsayin bayi a gidan danginsu, kuma wasu daga cikin abokan wasanmu kududdufin nan ya ci su. Abin da nake cewa shi ne, a cikin abubuwa uku da suka tsare mu, watau idon jama'a da amanar da aka ɗora mana da bulala, biyun farko sun yi rauni, ta ukun ce kaɗai ta rage a hannu, ita kuwa ita ce mafi ƙarancin amfani. Garuruwa sun faɗaɗa, katanga ta yi tsawo, maƙwabci ya koyi kame bakinsa tun ranar da ya tsawata wa wani yaro aka kai shi gaban hukuma, uba yana fita tun asuba ba ya dawowa sai 'ya'ya sun yi barci. Yaron da ba wanda ya ba shi abin tsaro, wani zai ba shi. 'Yan daba a Kano da 'yan kalare a Gwambe da 'yan sara-suka a Bauci ba sa jawo samari da wani sihiri, suna, da matsayi, da aiki suke ba su, abubuwan nan da tsohon mai lambu ya ba ni. Da abin ya kai ga shaye-shaye, har gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, iyaye da yawa da dabara ta ƙare musu suka koma ga mari da sarƙa. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna kuma biyan kuɗi.

Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, ya taɓa tattara siffofi goma da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, aka buga a 1974, ya sa gaskiya da amana a kan gaba, kafin karamci da haƙuri da kunya da sauransu. Na yarda da wannan jeri, sai dai zan ƙara da cewa amana ba ta shiga yaro ta kunne. Ana iya yi masa wa'azinta safe da yamma, ya haddace wasiyyar Luƙmanu ga ɗansa ya karanta da tajwidi, amma ba zai san ɗanɗanonta ba sai ranar da aka bar shi shi kaɗai da abin da yake so, ba mai gani, ya kuma san an bar shi ne don an yarda da shi. Zai ci amanar wani lokaci, lalle kuwa, ni ma na tsinki nunannu biyu a makon farko na ce iska ce; a nan ne ake bukatar uban da zai iya gani ya yi kamar bai gani ba, ya kuma iya bambance ƙuruciya, wadda aka ce dangin hauka ce kuma tana wucewa, da mugun hali irin na cutar da raunana da ƙarya mai tsari, wanda shi kam ba a yi masa shiru ko sau ɗaya.

Lambun nan yanzu babu shi, an yanka filin an yi gidaje, ƙofofin ƙarfe ne a inda jigo yake. Amma kai mai karatu, in kana da yaron da ya gagare ka, wanda malamai suka gaji da kawo ƙararsa, kafin ka sake ɗaukar dorina ka gwada ba shi mabuɗin ɗakin hatsi, ko kuɗin cefanen mako, ko ka sa shi ya riƙa kai ƙanensa makaranta yana dawo da shi. In ya kawo maka canji kada ka ƙirga a gabansa, kuma ka je da ƙafarka ka gaya wa maƙwabcinka cewa ka ba shi izini ya tsawata masa.