Littafin Goggon Birin da Ya Jawo Tofa Yawu a Landan

Mai karatu, da za a miƙo maka guntun katako a ce ka sassaƙa dabbar da ba ka taɓa gani ba, ya za ka yi?

Aikin masu zanen littafi ke nan a 1861, lokacin hoton kyamara bai fara hawa injin buga littafi ba. Gwani zai samu katako mai tauri da aka yanka a gicciye, ya bi shi da tsinin ƙarfe yana ƙwaƙule duk inda ake son fari, ya bar inda tawada za ta kama, komai kuma a juye, dama a hagu. Yana zaune a birni abinsa, dajin Gabon sai dai labari.

Mai kawo labarin shi ne Paul Du Chaillu, ɗan wani attajiri Bafaranshe. Ya yi karatu a hannun ɗan mishan Ba'amurke, John Leighton Wilson, a Baraka, wadda yau unguwa ce a Libreville. Ya yi shekaru yana ratsa daji, ya koma Amurka a 1859 da fatu da ƙasusuwan goggon biri. Da littafinsa ya fito a Landan da New York a 1861, cike da zane, sai ya zama abin rububi.

Ashe da sauran rina a kaba. John Edward Gray na gidan tarihin Birtaniya ya ƙura wa zanen shafin farko ido, ya ce ai ya san wannan birin: daga wani zanen masanan Paris aka kwafo shi! Heinrich Barth ma, Abdulkarim ɗin nan da ya shigo Kano a 1851, ya ce bai yarda da lissafin tafiyar ba. Mutum ya sha zazzaɓi da sauro, ga fatu a hannu, amma a ce maƙaryaci ne?

A wani taron masana a Landan, wani mai suna Malone ya yi wa Du Chaillu ba'a saboda cewar da ya yi akwai wani molo da ake yi wa tsirkiya da saiwar itace. Kai da me za ka rama? Shi dai Du Chaillu tsallake kujeru ya yi, ya tofa masa yawu a fuska.

A 1863 ya koma Gabon, wannan karon da kyamara, don a daina gardama. Kwalekwalensa ya kife a bakin teku, ya zauna jiran sababbin kayan awo. Agana ta ɓarke, aka ce shi ya kawo ta. A 1865, can cikin ƙasar Ashango, bindigar wani yaronsa ta tashi bisa kuskure ta kashe mutum. Gari ya taso musu da kibau. Rai za ka ceta ko shaida? 'Yan dako suka watsar da kaya a daji, har da hotunan.

Littafin wannan tafiya ya fito a 1867. Wa kake tsammani ya yi masa zane? Masu sassaƙa dai, waɗanda ba su taɓa taka Gabon ba.