Haɗa Kiɗan Rawa Da Kwamfuta: Kunne Ya Fi Jari

MUBI: Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyanon Yamaha ya shiga ɗakunan naɗar waƙa na Kano, kiɗan na'ura ya zama hanyar neman abinci. A yau matashin Nassarawo, a ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, yana iya kafa sana'ar da kwamfuta da makirfo da manhajar FL Studio.

Sai dai inda sabon shiga yake faɗuwa shi ne wajen daidaita sauti. Ganga da bes su ne ƙashin bayan kiɗan rawa, don haka su ake fara saitawa, sannan a ɗora murya. A rage kaurin sauran kayan kiɗa domin kada su danne gangar. A kuma bar tazarar desibel 6 ƙasa da iyakar ƙara, domin sautin da ya fashe ba ya gyaruwa.

Kafin a miƙa aiki, wajibi ne a saurare shi a wayar hannu da kuma babbar lasifikar gidan biki. Can ne mai biyan kuɗi zai ji shi, can ne kuma zai yanke shawarar ko zai sake dawowa.