Libarba da Naman Dawa: Gargaɗi ga Manoma da Dagatai

Ya kai mai karatu, wataƙila gonarka tana bakin daji ko gefen kogi, inda ɓauna da dorina su ke fitowa da dare, har ka taɓa cewa a ranka da ma kana da 'yar bindigar nan ta ɗamara wadda a ke kira libarba. To, kafin ka sa rai gare ta, ga bayaninta.

Libarba gajeriyar bindiga ce. A tsakiyarta akwai dunƙulen ƙarfe mai ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashinsa. Kadan ka ja kunama, sai dunƙulen ya juya ya kawo sabon harsashi bakin bututu. Wani mutumin Amurka, Samuel Colt, shi ya sami takardar mallakar irinta a 1836. Amfaninta kuwa shi ne, in harsashi ɗaya ya ƙi tashi, ka sake jan kunama na biye ya tashi.

Yadda a ke zaɓenta a Alaska

Inda a ka fi ɗaukarta domin tsaron kai daga dabbobi shi ne Amurka, tun ba ƙasar Alaska ba. Can akwai wata babbar dabba mai farata da a ke kira beyar, wadda gudunta ya kan kai mil 30 a awa. Mai shiga dajin nan ya kan duba abu huɗu.

1. Ƙarfin harsashi. Akwai .357 Magnum, wanda ya fito a 1935, da .44 Magnum, wanda ya biyo baya bayan shekara 20. Na biyun ya fi ƙarfi, amma yana jijjiga hannu ƙwarai. Harsashin da ka iya sarrafawa ya fi babban da zai tafi iska.

2. Irin harsashi. Su kan nemi na dalma mai tauri, domin ya ratsa fata da ƙashi.

3. Tsawo da nauyi. Bututu mai inci 4 zuwa 6 shi a ka fi so. Babbar libarba ta kan kai kusan laba 3. Mai sauƙi ta fi dukan hannu, mai nauyi kuwa a kan gaji a bar ta a gida.

4. Kube. Su kan rataye ta a ƙirji, inda hannu zai kai nan da nan.

Duk da haka, mutanen can sun san makamin ƙarshe ce, sai dabba ta zo kusa ainun. Da yawa su kan riƙe ruwan barkono na fesawa. Binciken da a ka buga a 2008 ya nuna ya tsai da babbar beyar sau 92 cikin 100.

Ko ta dace da mu?

A'a, saboda dalili biyu. Na fari, doka. Dokar Bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da a ka hana, ba mai riƙe ta sai da iznin Shugaban Ƙasa. Doguwar bindigar farauta ma sai da lasin daga 'yan sanda. Na biyu, dabbobinmu. Dorina ta fi tan ɗaya nauyi, fatarta da kauri. Ɓauna kuwa, kadan a ka yi mata rauni ba a kashe ba, ta kan laɓe cikin kurmi ta auka wa wanda ya biyo sawunta, ko yaron da ya zo kiwo washegari. Harbin da bai kashe ba, masifa ce ka bar wa gari.

Abin da ya kamata ka yi

Kada ka shiga tsakanin dorina da ruwa. Kada ka ratsa duhuwa shiru kai kaɗai da asuba ko da magariba. Ku tafi biyu ko uku, kuna magana. Masu gadin gona su hura wuta, su buga gwangwani. Kadan kana da bindiga ta halal, ka koyi harbi tun kafin bukata, gama ba a fafe gora ranar tafiya, ka kuma ajiye ta ba harsashi a ciki, nesa da yara.

Kai kuma dagaci, in dabba ta addabi gonaki, kada ka bar samari su bi ta. Ka aika wa hakimi da ma'aikatan gandun daji, su ne da ikon wannan aiki. Allah ya kiyashe mu, ya ba mu damina mai albarka.