Gansakukar Geriyo da masana'antar da ke cikinta

Duk mai bin gefen tafkin Geriyo a Jimeta da rani ya san gansakuka, koren nan da ke shimfiɗe bisa ruwa yana liƙe wa masunta a koma. Ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Amma cikin danginta akwai Chlamydomonas, 'yar halitta mai ƙwaya ɗaya tak da ido ba ya gani, wadda masana ke mayarwa masana'antar magani.

Aikin yana cikin kuloroflas, koriyar jakar da ke haɗa abinci daga hasken rana, ruwa da iskar kabon. Jakar tana da nata ƙwayoyin gado, kusan 100. A 1988, John Boynton da abokan aikinsa a Jami'ar Duke ta Amurka suka shafa DNA a jikin garin ƙarfe, suka harba shi cikin jakar da wata irin bindiga, ta kuwa karɓa.

Sai dai cusa ƙwayar gado kaɗai ba ta fisshe ka. Dole a sa mata makunni a gaba, da guntun da ke ƙayyade yawan furotin da za a ƙera, da wani a baya mai tsayar da karatun ƙwayar gadon. Bakanike ya fi kowa gane wannan: inji ba ya tashi sai safaya ta dace. Shi ya sa masu bincike a Marburg ta Jamus suka gwada irin waɗannan sassa sama da 140, don a bambance mai ƙarfi da rago.

Abin da ya fi shafarmu shi ne zazzaɓin cizon sauro. A 2012, ɗakin binciken Stephen Mayfield a San Diego ya sa wannan jaka ta ƙera Pfs25, wani furotin na ƙwayar cutar zazzaɓin. Da aka yi wa ɓeraye allurarsa, jininsu ya samar da garkuwar da ta hana ƙwayar cutar girma cikin sauro. Wani gwajin ya nuna busasshiyar gansakuka na riƙe rigakafi watanni da yawa ba firji. Wanda ya san zafin Yola a watan Afrilu da halin wutar lantarkinmu ya san darajar wannan.

Har yanzu gwaji ake, kuma a Najeriya ba a taɓa irin wannan aiki sai da izinin NBMA, hukumar da ke sa ido kan sauya ƙwayoyin gadon halittu, wadda aka kafa a 2015. To amma tattara gansakukar Geriyo da ta Binuwai, a tantance ire-irenta, aikin kwalabe ne da madubin likita. A ganina ɗaliban Jami'ar Modibbo Adama za su iya.